Wace makaranta ce ta cancanci mu karrama, mai cin jarabawa ko mai hidimar unguwa?

Malam Habu Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da aka taso da ita a zaman iyaye na ƙarshen wata, ba a kai ƙarshenta ba magariba ta yi aka watse, shi ne na ce bari in kawo ta nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Shawarar ita ce daga kuɗin da muke haɗawa na walimar yaran da suka gama sakandare a ware wani abu duk shekara a karrama makaranta ɗaya ko biyu cikin waɗanda 'ya'yanmu ke zuwa, amma ba don yawan cin WAEC ba, don yadda take koya wa yaro sanin haƙƙinsa da nauyin da ke kansa na ɗan ƙasa, da kuma yadda take shiga hidimar unguwar da take ciki. Kyaututtukan da ake da su yanzu duk alheri ne, gwamnatin tarayya tana ba da nata ranar malamai 5 ga Oktoba, jihar Legas ma tana raba wa malamanta motoci, ga gasar harhaɗa kalmomin Turanci da aka fara tun 2001 wadda yaron da ya cinye yake zama gwamna na kwana ɗaya a Alausa, inda ofishin gwamnan Legas yake. Amma ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 masu rajista a Legas sun haura miliyan 7, waɗanda suka fito kuwa ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, kuma cikin waɗanda suka yi zamansu a gida akwai matasa da yawa da suka yi darasin sibik, wato ilimin zama ɗan ƙasa, a aji har suka ci shi. To wace makaranta ce take yin abin da ya kamata, kuma ta yaya za mu gane ta? Bismillah.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Malam. Niyya mai kyau ce amma gaskiya ina tsoron abin. Kun san yadda harkar lambar yabo ta koma a garin nan, kasuwanci ce zalla, a aiko wa mai makaranta takarda wai an zaɓe ka gwarzon shekara, a ƙasa an rubuta kuɗin teburi da kuɗin mujalla, ya biya ya karɓo allo ya rataye a ofis ya buga a fosta lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya ƙara kuɗin makaranta. In muka ce hidimar unguwa kuwa yaudarar ta fi sauƙi, ranar da aka ji masu dubawa na tafe sai a raba wa yara tsintsiya a fito bakin titi a ɗauki hoto, washegari kwata tana nan a toshe yadda take. Jarabawa ko ba komai akwai sakamako a takarda. Wannan da me za a auna shi??

Malama Rabi:
Baban Khalifa bari in amsa maka ta ɓangaren jarabawar tukun, don ni sibik nake koyarwa a makarantar gwamnati a nan shiyyar ilimi ta ɗaya, wadda ta haɗa Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye. Tun 2014 ake rubuta darasin nan a WAEC, kuma kowane malami ya san yana cikin waɗanda yara suka fi ci. Manhajar ba ta da laifi wlh, akwai bin doka, akwai haƙƙin ɗan adam, akwai ƙungiyoyin asiri da shaye-shaye da safarar mutane, akwai yadda ake shiga harkar mulki. Amma hadda ake yi. Yaro zai jero maka rassan gwamnati uku ba tuntuɓe, ka ce masa to waye kansilan mazaɓarku, ina ofishinsa yake, in taransifoma ta ƙone ko bola ta taru wa ake kai wa ƙara, sai ya tsaya yana kallonka. Kuma a makarantu da yawa ba a ɗauki darasin da daraja ba, duk malamin da yake da sarari a jadawali shi ake miƙa wa ko da lissafi ya karanta. Yanzu ma sabuwar manhajar da aka sanar a 2025 ta haɗe shi da tarihi a babbar sakandare, in ba a tashi tsaye ba haddar ce za ta ƙaru.

Maganar aunawa kuma ana iya aunawa mana. Akwai shekarar da ruwa ya riƙa shigo mana harabar makaranta saboda wata kwata da ta cushe a bayan katanga. Maimakon in ba yaran aikin gida na kawo ma'anar shiga harkar al'umma, sai na ce su je su gano waye ke da alhakin kwatar. Suka tambayi masu shaguna, suka gano akwai ƙungiyar raya unguwa ta CDA a layin, suka rubuta takarda da hannunsu firinsifal ta sa hannu, aka kai wa shugaban CDA aka kai kwafi ƙaramar hukuma, aka buga musu hatimin shaidar karɓa suka dawo da shi aji muka manna a bango. Shiru ba amsa, suka sake rubuta ta tuni. Daga baya mutanen layin ne da kansu suka haɗa kuɗi aka yashe, yaran ba su taɓa shebur ba. Abin da suka koya a nan ya fi babi uku na littafi, sun san takarda tana da hanya, sun san ana bibiya, sun san in hukuma ta yi jinkiri maƙwabta na iya haɗa kai. Wannan ba hoton tsintsiya ba ne, akwai takarda mai kwanan wata, akwai mutanen layi da za ka iya tambaya.

Maman Ummi Idi-Araba:
Malama Allah ya saka da alheri amma ni fa gabana yana faɗuwa da maganar nan. Mu da muke Idi-Araba mun ga rikicin ƙabilancin da ya faru a 2002, gidaje aka ƙone mutane suka mutu, har yau akwai matan da in an ji hayaniya a titi jikinsu ɓari yake. Na kawo 'ya'yana makaranta su yi karatu su samu abin yi, ba na so a cusa musu siyasa gobe a ce an ga yarinyata cikin masu zanga-zanga. Mu baƙi ne a garin nan, zaman lafiya muke nema.

Barista Hadiza:
Maman Ummi yaya ta, tsoronki gaskiya ne ba wanda zai raina shi, amma wannan kalmar da kika rufe da ita ita ce ciwon da ake son magani. Yarinyarki a Mushin aka haife ta, nan ta yi rarrafe nan take karatu, mahaifinta nan yake biyan haraji da kuɗin shara. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama duk inda ya ga dama a ƙasar nan, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin da ya fito. Sashe na 24 kuma, wanda mutane ba su cika karantawa ba, shi ya jero nauyin da ke kan ɗan ƙasa, kuma a ciki an ce ya ba da gudummawa ga ci gaban al'ummar da yake zaune a cikinta. Inda yake zaune aka ce, ba inda kakansa ya fito ba. Ke nan gyaran kwatar Idi-Araba wajibinmu ne kamar yadda yake wajibin Bayarabe maƙwabcinki.

Kuma sanin haƙƙi ba shi ne fita titi ba. Ku tuna maganar hijabi a makarantun gwamnatin Legas. 'Yan mata ƙanana ne da ƙungiyar ɗalibai Musulmi suka je kotu, babbar kotu ta ƙi ba su gaskiya a 2014, ba su ƙone komai ba suka ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ba su a 2016, gwamnati ta tafi kotun ƙoli, a watan Yunin 2022 kotun ƙoli ta tabbatar musu. Yau Ummi tana shiga aji da hijabinta saboda wasu sun san hanyar kotu kuma sun yi haƙurin shekaru. Makarantar da za ta zaunar da yaro ta warware masa wannan labarin daki-daki, wacce kotu ce ke sama da wacce, me ya sa aka ɗau tsawon lokaci, ni ita nake so a karrama. Yaron da ya san akwai ƙofa ba ya fasa taga.

Maman Ummi Idi-Araba:
Toh Barista na ji wannan, in dai irin wannan ne ba ni da ja. Amma a rubuta a sharuɗɗa cewa ba a fita da yara wajen makaranta sai da sanin iyaye, kuma ba ruwansu da taron jam'iyya.

Alhaji Ɗanladi Mile 12:
Salam. Ni ba ɗan boko ba ne, yarona ke rubuta mini ina faɗa. Lokacin rikicin 2016 da aka rufe mana kasuwa kusan mako biyu, kaya suka ruɓe a cikin motoci mutane suka yi asarar da har yau wasu ba su farfaɗo ba, na ga abin da ya buɗe mini ido. Da aka zo zaman sulhu, waɗanda suka fi yi mana amfani su ne samarinmu da aka haifa a nan suka yi makaranta tare da 'ya'yan Yarbawa, suna jin yaren, sun san Bale, wato mai unguwar Yarbawa, sun san yadda ake gaishe shi, sun san wane ofis ake zuwa a Alausa, wani ma abokin ajinsa ne a ɗaya ɓangaren. Mu manya muna da kuɗi muna da baki amma ba mu san ƙofa ba. Don haka ni ina goyon baya kuma zan sa hannu a aljihu in sha Allah. Sharaɗina ɗaya, kada a ce sai makarantar Bahaushe. In makarantar gwamnati ce ko ta Bayarabe ko ta coci ma, matuƙar 'ya'yanmu suna ciki kuma tana haɗa kan yara tana yi wa unguwa aiki, a ba ta. Kuma Baban Khalifa ya yi gaskiya kan masu dubawa, mai sayen tumatir da ya tsaya kan na saman kwando shi ake cuta, sai an zazzage an ga na ƙasa. A je ba sanarwa, a tambayi mai shayi da mai gadi da matan layi.

Malam Iro Alaba Rago:
Assalamu alaikum. Ina ta karantawa ban ji an ambaci Islamiyya ba, kuma rabin tarbiyyar yaranmu can ake yin ta. Abin da kuke kira sibik mu tun fil azal muna karantar da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, bai ce maƙwabci Musulmi kawai ba. Ku dubi 'yan agaji ranar idi ko ranar wa'azi, su ke tsara motoci su ke kai marar lafiya asibiti, galibinsu daga Islamiyya suka taso. A wajenmu duk ranar Alhamis da safe da ake sharar kasuwa kafin a buɗe shaguna manyan ɗalibai suna fita tare da 'yan kasuwa, ba don a ba su kyauta ba. In za a karrama a sa mu a lissafi.

Malama Rabi:
Malam Iro wannan haka yake, kuma in da za a haɗa hannu da kun fi mu tasiri don yaro ya fi jin maganar malamin Islamiyya a kan ta malamin boko, wannan mun sani. Abin da zan roƙa dai a ƙara da sanin yadda hukuma take aiki. Yaro ya san haƙƙin maƙwabci ta fuskar addini, ya kuma san Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37 da ake kira LCDA, ya san hukumar zaɓen jiha LASIEC ce ke shirya zaɓen ciyaman da kansila ba INEC ba, ya san 112 da 767 ake bugawa in gobara ta tashi ko an yi haɗari. Waɗannan ba su saɓa wa karatun allo ba ko kaɗan.

Baban Khalifa:
To ga inda zan sake tsayawa, kuma Malam Iro ka yi haƙuri ba da kai nake ba. Islamiyyu nawa ne da ƙananan makarantun kuɗi nawa ne a unguwanninmu suke da rajista da gwamnati? Ƙidayar da aka yi wajen 2011 ta samu makarantu masu zaman kansu sama da dubu 12 a jihar nan, mafi yawansu ba su da amincewar ma'aikatar ilimi. Yaya za a ɗauki kambun koyar da bin doka a ba makarantar da ita kanta ba ta cika doka ba? Me muke gaya wa yaran ke nan?

Malam Iro Alaba Rago:
Baban Khalifa ka san kuɗin fili a Ojo kuwa? Sharuɗɗan amincewar nan suna neman gini na musamman da filin wasa da ɗakuna kaza, mu kuwa a barandar masallaci muke da rumfar kwano, iyayen yaran masu dako ne da masu tura baro da masu kiwon raguna, abin da suke bayarwa a wata ko kuɗin alli bai kai ba. In muka rufe saboda ba mu da takarda yaran nan ina za su? Titi za su koma. Ba ƙin doka muke ba, ƙarfinmu ne bai kai ba, kuma ina ganin wanda ya tara yaran da ba wanda ya kula da su ya koya musu alwala da gaskiya da tsabta ya yi wa unguwa hidimar da mai bene uku bai yi ba.

Barista Hadiza:
Ku duka biyun kuna da hujja. Islamiyyar yamma da ta Asabar da Lahadi daban take da makarantar da ke cewa tana ba da firamare da sakandare, kada a haɗa su a ma'auni ɗaya. Wadda ke ba da karatun boko ba rajista akwai haɗari na gaske ga yaro, domin in ya kai aji shida dole a kai shi wata makaranta a rubuta sunansa a can kafin ya zauna jarabawa, nan ne ake tatsar iyaye kuma nan ne satar amsa take samun gindin zama. Shawarata a yi rukuni biyu, kuma duk makarantar boko da ba ta da amincewa a nemi ta nuna ta fara bin hanyar a ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jiha, ko da takardar neman ce. Ni zan iya taimaka wa biyu ko uku da cike takardun ba tare da kuɗi ba.

Sadiq ɗan LASU:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki a matsayin wanda bai daɗe da barin sakandare ba. Duk maganar da ake yi ta waje ce, kwata da shara da takarda zuwa ƙaramar hukuma, amma ba wanda ya tambayi yadda ake mulkin yaran a cikin makarantar kanta. A makarantar da na yi da safe a koya mana dimokuraɗiyya, da rana a kira sunayen firifet daga ofis ba wanda ya zaɓe su, galibi 'ya'yan waɗanda ake jin kunyarsu ne, in ka tambayi dalili a ce ka cika rashin kunya a sa ka tsallen kwaɗo. To wane darasi ne ya zauna a kanmu, na allo ko na filin asambuli? Abin da muka fita da shi shi ne mai mulki ba a tambayarsa kuma zaɓe magana ce ta littafi, shi ya sa abokaina da yawa ko katin zaɓe ba su karɓa ba duk da dokar 2018 ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, wato sa'o'in yayyenmu suna iya tsayawa. Akwai makarantun da suke yin zaɓen shugabannin ɗalibai na gaske, a yi kamfe a yi muhawara a jefa ƙuri'a a ƙirga a gaban kowa wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu, wlh yaron da ya ga wannan sau shida kafin ya gama sakandare ba za ka saye shi da taliya da dubu biyu ba. Ni a ganina wannan ya zama sharaɗi na farko, kuma masu dubawa su keɓe da yara ba malami a wurin su tambaye su in an zalunce ka wa kake kai wa ƙara, kuma an taɓa sauraronka?

A jihar Kaliforniya ta Amurka suna da irin wannan kyautar ta makarantu, babban alƙalin jihar da shugaban ilimi ne suke bayarwa, kuma makarantun da suka fi fice alƙalin da kansa yake zuwa ya kai musu har gida. Abin da ya burge ni ke nan, ba a kira su otal ba, babban mutum ne ya tako ya zo ya zauna da yara.

Malam Habu Agege:
Sadiq Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi mu malamai. Ka tuna mini da Malam Aminu Kano, shi ma fa malamin makaranta ne a Bauci da Maru kafin NEPU, kuma abin da ya sa talakan arewa ya san ana iya tambayar hakimi dalili daga irin waɗannan malaman ya faro. Maganar zuwa har gida ma na karɓa, ya fi rahusa kuma ya fi daraja.

Alhaji Ɗanladi Mile 12:
In za a je har makaranta to a tafi da Sarkin Hausawan yankin da Bale, kuma a gayyaci ciyaman na ƙaramar hukuma. Abin da ba hukuma a ciki ba ya nauyi a garin nan, kuma in ciyaman ya zo ya ga kwatar da idonsa wataƙila ya yi wani abu.

Baban Khalifa:
Alhaji da girmanka, sarakuna na yarda amma ciyaman a'a. Ranar da ɗan siyasa ya shigo da 'yan rakiyarsa da masu kiɗa taron ya zama nasa, zai yi alƙawarin bas ya ɗau hoto da yara, shekara mai zuwa shi zai aiko da sunan makarantar da yake so a ba. Maman Ummi ma ta ce ba ruwan yara da jam'iyya.

Barista Hadiza:
A gayyace shi a matsayin mai amsa tambaya mana, ba babban baƙo ba. A ba yara minti talatin su tambaye shi kan hanya da shara da fitilun titi, an rubuta masa tun a takardar gayyata cewa haka tsarin yake. In ya zo yara sun ƙaru, in bai zo ba ma sun ga wani abu. Amma alƙalan gasar kam kada a sa mai riƙe da muƙamin siyasa ko mai makaranta ko wanda matarsa ke koyarwa a ɗaya daga ciki.

Malama Rabi:
Akwai abin da nake ta jinkirin faɗa don kada a ji haushi, amma tunda gyara ake nema. Muna maganar makaranta ta shiga unguwa, to unguwa fa tana shiga makaranta? A makarantun gwamnati akwai zaman iyaye akwai kwamitin kula da makaranta na SBMC da ake sa mutanen unguwa a ciki, nan ake maganar katanga da banɗaki da malamin da ba ya zuwa. In aka kira taro iyaye Yarbawa da Ibo za su cika aji, namu in ka ga mutum uku ka gode Allah, alhali a wasu azuzuwan yaranmu ba kaɗan ba ne. Sai an kori yaro ko an yi faɗa uba zai bayyana. Yaron yana gani fa, yana ganin babansa ba ya zuwa inda ake yanke shawara.

Maman Ummi Idi-Araba:
Malama wannan kam ba zan yi shiru ba. Taron nan ƙarfe goma na safe ake sa shi ranar aiki, maigida yana kasuwa tun asuba in ya bar rumfa ranar ba cefane. Ni na taɓa zuwa, daga farko har ƙarshe Yarbanci da Turanci aka yi, na zauna kamar gunki ba wanda ya ce mini kin gane ko ba ki gane ba, da na ɗaga hannu ina haɗa Turancina wasu suka yi dariya, to da wane ƙarfin gwiwa zan koma? Ba ƙin zuwa muke ba. In da gaske ake to a sa wannan ma cikin ma'auni, makarantar da take neman wanda zai fassara wa iyaye, take sa taro ranar Asabar ko bayan la'asar, take aiko da saƙo ta murya a waya don waɗanda ba sa karatu, ita ce ta san unguwarta. Kuma akwai matan da yaransu ke zaune a gida kawai don an ce su kawo takardar haihuwa da katin LASRRA na rajistar mazauna Legas ba su san inda ake yi ba, kuma suna jin kunyar tambaya. Makarantar da za ta tura malami ya bi gida-gida ya nuna musu hanya, ni ko ba ku ba ta komai ba zan dafa abinci in kai wa malamanta.

Malama Rabi:
Kin yi gaskiya Maman Ummi, kuma maganar fassara zan kai ta gaban firinsifal ɗinmu wannan makon, manyan ɗalibanmu Hausawa ma za su iya yi tunda suna jin harsuna ukun.

Sadiq ɗan LASU:
Kyautar kuma don Allah kada ta zama allon bango. Majalisar dokokin jiha tana nan Alausa da mambobi 40, ana rubuta takarda a nemi izinin kai ɗalibai su zauna a sama su kalli zama. A ɗauki hayar bas a kai yaran makarantar da ta ci, a saya musu kwafin tsarin mulki da littattafai, in kuɗi ya ragu a ba su su zaɓi aikin da za su yi wa layinsu da shi su kawo lissafi a rubuce. Mu ɗalibai akwai waɗanda za su raka su kyauta.

Baban Khalifa:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma har yanzu ina nan kan bakana game da makarantar boko marar rajista, takardar nema kawai ba ta ishe ni ba don ana iya ajiye ta shekara goma a durowa. A kawo maganar zaman gaba a kaɗa ƙuri'a, in an rinjaye ni na bi.

Malam Habu Agege:
To madalla. Barista ki taimaka ki tsara mana daftarin sharuɗɗan a shafi ɗaya da Hausa yadda kowa zai gane, Malama Rabi da Malam Iro ku duba kafin a turo nan. Sadiq kai da abokanka ku tattaro sunayen makarantun da yaranmu suka fi yawa a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago da Obalende, amma ku turo mini ta gefe kada a fara jayayya kan sunaye tun yanzu. Zama Lahadi ta ƙarshen wata in Allah ya kai mu.

Maman Ummi Idi-Araba:
Malam a sa shi bayan azahar don Allah kuma a tanadi wajen zaman mata, daga Mushin zuwa Agege da yamma ga cunkoso ba ma iya dawowa da wuri. Akwai mata huɗu a layinmu da suka ce za su zo in an yi haka.